Akwatin da Na Ce Kada a Buɗe Sai Sanyi

Ko zan tsufa har haƙorana su zube, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na buɗe akwatina a tsakar gidanmu na Kebbe, a gaban matan danginmu kaf. Yau kwana goma sha biyu ke nan, amma har yanzu in na ji wani abu ya bi mini ƙafa, ko zaren bakin zane ne, sai na daka tsalle. Jiya a aji kiyashi ya hau mini hannu, na ja da baya har na ture kujera, yara suka bi ni da kallo. Shi ya sa na ce bari in zube abin a takarda, ko zuciyata ta rage wannan bugun.

Ni 'yar Kebbe ce, amma shekara biyar na yi a makarantar kwana ta 'yan mata. Na gama bara, aka ba ni aikin koyarwa a Tambuwal, inda nake zaune wurin Goggo Ige, ƙanwar babana. Mu da muka gama karatu a 'yan shekarun nan na samun 'yancin kai akwai wata cuta da ke damunmu: mun ɗauka da aka sauke tutar Turawa, mu aka ɗora a kan sandar. Kullum rediyo na cewa Arewa tana bukatar 'ya'yanta masu ilimi, ni kuwa duk sanda aka faɗa sai in gyara zama, don na san da ni ake.

A makaranta muna da wata Baturiya mai koya mana ɗinki da tsarin gida. Darasinta da ya fi shiga raina shi ne na tsara sutura. Ta ce mace mai hankali ba ta barin kayanta a cakuɗe duk shekara. Kowane lokaci da nasa: ki zaɓi kaɗan, kamar bakwai, waɗanda kowace riga za ta shiga da kowane zane, ki yi ta juya su. Sauran ki wanke, ki goge, ki ninke, ki sa musu kafur, ki kulle a akwati, kada ki sake taɓa su sai lokacinsu ya zagayo. (Sai yanzu nake tuna ban taɓa tambayarta ba ko ɗakunan ƙasarsu daɓen ƙasa gare su irin namu.)

Da na kama aiki na sayi akwatin ƙarfe shuɗi mai hoton fure a murfi, da ɗan kwaɗonsa. Na kasa shekara gida uku. Kayan bazara farare ne marasa nauyi. Na damina atamfofi masu duhu da ba sa nuna taɓo kuma suna saurin bushewa, da takalmin roba. Na sanyi kuwa su ne 'yan gaban goshina: rigar ulu ja da na yi wata huɗu ina saƙa ta da hannuna, bargo, safa, zannuwa uku masu kauri, da wata atamfa sabuwa dal da na ajiye don biki. Na rubuta jerinsu a takarda na manna a cikin murfin akwatin.

Kuma don Allah a yi mini adalci, tsarin ya yi aiki. Duk bazara ban taɓa tsayawa da safe ina tunanin abin da zan sa ba. Matar hedimasta har ta tambaye ni akwati nawa gare ni, na ce mata kaya bakwai ne kacal, ta riƙe baki. Tun daga ranar kaina ya daina shiga kallabi.

Yanzu bari in gaya muku zancen zanen. A gidanmu akwai wani baƙin zanen saƙi, rinin shuni, wanda kakata Inno, mahaifiyar babana, ta gada wurin tata uwar. Duk 'yar gidan da za a kai ɗakin miji, da shi ake lulluɓa ta, washegari a dawo da shi. Ana cewa duk wadda ta fita a cikinsa ba ta dawowa da kwanukanta. (Goggo Ige ta yi yaji sau biyu, amma Inno ta ce wannan ba ya cikin lissafi, tun da ba ta ɗauko kwanukan ba.) Ni rabona da ganinsa tun ina ƙarama, don bukukuwan gidan duk an yi su ina makaranta. Ga shi kuma an sa bikin Hajo, 'yar baffana, bayan an gama girbi. Hajo ƙawata ce tun muna wasan ƙasa, ta samu wanda take so, kuma tun muna yara take cewa ita ranar lulluɓin nan take jira.

Gab da faɗuwar damina na je hutu Kebbe, na tarar da Inno ta sauko da adudunta daga ragayar da take rataye shi a rufin ɗaki. Tana cusa saiwar kajiji da busasshen ganye a ciki, ga kaskon turare a gefe.

Na ce, "Inno, wai har yanzu a cikin kwandon nan kike ajiye zanen gida? Da ciyayi?"

Ta ce, "Nan uwata ta aje shi, nan nika aje shi. Mi ya same shi?"

Sai na zauna na yi mata darasi. Na faɗi kafur, na faɗi ƙarfe, na faɗi kwaɗo. Na ce saukewa da shanyawa da take yi kowane 'yan kwanaki wahalar banza ce, rana ma tana cinye rini. Na ce ta ba ni shi in sa a kayan sanyina, tun da mai kauri ne, kuma bikin da sanyi za a yi. In kulle sau ɗaya, in buɗe sau ɗaya.

Inno ta yi ta kallona tana tauna goro. Can ta ce, "Wata nawa za shi yi ba a buɗe ba?"

"Shida."

"Damina duka?"

"Duka."

"To, Malama ƙarama. Da safe ki zo ki amsa."

Da safe ta miƙo mini ƙunshi ɗaure tamau a cikin wani farin ƙyalle. Ta ce tun da ni ce mai cewa ba a buɗewa, to kada in kwance. Na ɗan leƙa ta kusurwa na ga baƙin saƙi, na kuma ji wani irin wari mai nauyi ya bugo ni. Wallahi na ɗauka warin daɗewa ne. Har na ji ƙwalla ta zo mini, wai ga ni riƙe da tarihin gidanmu.

Na koma Tambuwal na kwantar da shi a ƙasan akwati, na jera kayan sanyina a kai, na watsa kafur kamar mai shuka, na kulle, na tura ƙarƙashin gado. Makullin na sa a zare na rataya a wuya. A bayan murfin na rubuta da alli: Kada a buɗe sai sanyi.

Damina ta sauka da ƙarfinta. Ɗakina akwai wata kusurwa da ke tsatsafo da ruwa, daɓen ya yi ta danshi. Goggo Ige kuwa da rana ta leƙo za ka ga ta kwaso komai nata ta baza a kan danga, gidan ya koma kamar rumfar 'yan koli.

Ta ce, "Malama, ba ki fiddo naki su sha iska?"

Na ce, "Goggo, ba lokacinsu ba ne."

"To ko ki ɗora akwatin bisa duwatsu, in zuba maki toka ƙarƙashi."

"Goggo, ƙarfe ne fa. Gara ba ta cin ƙarfe."

Ta ce, "Haka na. Allah shi ba mu ilimi," ta ci gaba da kakkaɓe zanenta.

Sau uku ta yi mini wannan maganar, sau uku na ba ta wannan amsar. Wata rana ina shara na ga wani ɗan siririn layin ƙasa ya bi bango ya shige ƙarƙashin gado. Na sa tsintsiya na share shi, na ce gidan nan akwai ƙazanta. Ban sunkuya na duba inda ya nufa ba. Malamar makaranta guda, mai koya wa yara lura da halittu ranar Laraba.

Damina ta ɗauke, aka yi girbi, sanyi ya fara shigowa da asuba. Bisa tsarina ya kamata in buɗe akwatin tun sannan, amma na ce a'a, saura mako guda biki, zan buɗe shi a Kebbe kowa ya gani da idonsa. Na yi mako guda ina kaɗuwar ɗari a cikin kayan damina, Goggo Ige tana ba ni aron mayafi ina ƙi.

Ranar tafiya na ja akwatin ya ƙi fitowa, kamar an dasa shi. Sai da muka haɗu ni da Goggo muka ɓamɓaro shi. Ƙasa ta manne a gindinsa, na kankare. Goggo ta dubi gurbin da ya bari, ta dube ni. A tasha maza biyu suka ɗaga shi zuwa kan lori, direban ya ce, "Malama, duwatsun Tambuwal za ki kai ma Kebbe gudummawa?"

Na ce, "Kayan sanyi ne, suna da nauyi."

Ni ma na ji a raina ban san shi da wannan nauyin ba. Amma hanyar Kebbe bayan damina ba ta barin mutum ya yi tunani, rami ya jefa ka wa rami, har muka isa.

Washegari ranar kai amarya. Bayan azahar tsakar gida ta cika, ana daka, ana tuƙa tuwo, ana guɗa. Hajo tana zaune a bakin ɗaki cikin ƙawayenta, lallenta ya kama ja wur. Inno tana kan tabarmarta a inuwar rumbu, ta ɗaga murya:

"To Malama, ina amanata?"

Na sa aka kawo akwatin tsakiyar fili aka ɗora a tabarma. Da na buɗe kawai na yi shiru, da abin ya zo da sauƙi. Ina! Sai da na miƙe na gyara murya kamar ina gaban aji. Na ce iyayena da yayyena su ba ni hankalinsu. Na bayyana musu kaya bakwai. Na bayyana musu kasa shekara uku. Na ce zamanin rataye kwando a rufin ɗaki ya wuce, ƙasa ta ci gaba, dole mata su ci gaba. Na ce wannan akwatin wata shida ba a taɓa shi ba, amma yanzu za su ga zanen gida kamar yau aka ɗauko shi daga wurin masu bugu a marina. Har masu daka suka jingine taɓarensu suka matso.

Na ciro makullin daga wuyana. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da aka ɗiga masa man gyaɗa. Murfin ma ya ƙi. Na sa gwiwa, na ja da iya ƙarfina, ya buɗe da wata irin ƙara.

Ƙasa na gani.

Ja ce, a dunƙule, ta cika akwatin har baki, da 'yan ramuka kamar saƙar zuma. Na tsaya ina kallo, kaina ya kasa gane abin da idona ke gani. Sai ƙasar ta motsa. Gara ce, fara fat, ba iyaka, tana tafasowa daga ramukan, tana bin bakin akwatin, tana zubowa kan tabarma, tana hawa ƙafata.

An ce na yi ƙara har masu wanki a bakin rijiya suka ji. Ni ban ji kaina ba. Abin da na sani, na cusa hannuwana biyu cikin ƙasar nan ina tona kamar mahaukaciya, ina cewa, "Zanen, zanen!" Na ciro hannun rigar ulu, hannun kaɗai. Na ciro wani abu da a da bargo ne. Gara tana cizona har gwiwar hannu ban kula ba. Can ƙasa na taɓo ƙunshin, na ɗago shi, ya zube a hannuna kamar tokar takarda. Ɗan guntun baƙin saƙi ya rage mini tsakanin yatsu, bai kai tafin hannu ba. Ta gindin akwatin ina hango tabarma, tsatsa ta huda shi wuri uku.

Sai kajin gidan suka ankara. Ban san daga ina suka fito ba, namu da na maƙwabta, suka afko tsakanin ƙafafun mata suna rububi, wani zakara har ya haye cikin akwatin yana kiran matansa. Mata suna tsalle suna kakkaɓe zannuwa, wata ta taka ƙwaryar ƙullu.

Amma ba wanda ya yi dariya. Wannan shirun shi ne har yau yake tashina daga barci. Na ɗago kai na ga Hajo ta miƙe tsaye, ta zuba wa ɗan guntun da ke hannuna ido, hawaye na bin fuskarta ba ta ko share ba. Mahaifiyarta ta ɗora hannu a ka tana salati. Zanen da ya raka mata huɗu-huɗu, biyar-biyar na kowane zamani a gidanmu, ya wuce yunwa da gobara da ƙaura, ni na kashe shi da ilimina a damina ɗaya, kuma a ranar Hajo. Na durƙushe cikin garar. Na juya wajen Inno don in nemi gafara.

Inno ba ta motsa daga tabarmarta ba. Ta gama tauna goronta, ta tofar, sannan ta ce:

"Ige, shiga ɗaki ki sauko man da adudu."

Goggo Ige ta shiga ta fito da shi a ka. Inno ta ɗaga murfin, ƙamshin kajiji da turare ya tashi. Ta zaro wani abu ta warware shi a hankali, ta miƙa wa Goggo gefe guda suka buɗe shi a rana. Baƙi ƙirin, yana walƙiya kamar bayan hankaka, ko huda kamar kafar allura babu a jikinsa.

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Hajo ta zube a inda take tana kuka da dariya a haɗe. Ni kuwa ina durƙushe, na dubi zanen, na dubi abin da ke hannuna.

Na ce, "Inno... to wannan fa? Me kika ba ni?"

Ta ce, "Wanga? Tsumman da nika rufe daddawa na. Ya tsufa, dama ina neman inda zan yada shi."

Nan fa dariyar da aka riƙe ta ɓalle. Mata suna riƙe ciki, suna dafa juna. Wata shida ina kwana da makulli a wuya, ina gadin tsumman daddawa da kafur. Warin da ya sa ni ƙwalla ke nan.

Na ce, "Goggo, kin sani?"

Ta ce, "Da ban sani ba, kina tsammanin zan bar akwatin ga shi kwana bisa daɓe? Da tuni na fasa kwaɗon da taɓarya. Sau uku ina ba ki baki saboda naki kayan, kina ce man gara ba ta cin ƙarfe."

Inno ta ce, "Ai gaskiya ta faɗi, ba ta ci. Tsatsa ka buɗe mata ƙofa. Taho nan, ɗiyar nema."

Na rarrafa na je. Ta kama hannuwana tana kaɗe garar da ta rage, ta shafa mini man kaɗanya a inda suka cije ni. Ta sassauta murya yadda ni kaɗai zan ji, ta ce da ta hana ni tun farko, da na tafi ina cewa tsohuwa ba ta son ci gaba. Ta ce, "Na ce bari damina ta karantar da ke, ta fi ni iya magana. Amma ban zaci za ki tara mutane ba. Wagga ke kika ƙara da kanki."

Da yamma aka lulluɓa Hajo. Kafin a fita da ita ta jawo ni ta raɗa mini cewa in na sake ba ta tsoro irin wannan, ranar nawa bikin da tsumman daddawa za ta lulluɓe ni. Na raka ta sanye da zanen aro na Inno da wata rigarta mai faɗin da za mu shiga mu biyu, a ƙafata kuma takalmin roba na damina, don shi kaɗai na zo da shi. Duk inda na gifta sai in ji ana cewa, "Ga Malamar da ta yi wa kaji walima."

A cikin kayan sanyina bakwai, abin da ya tsira maɓallai huɗu ne na rigar ulu da ƙwayoyin kafur, suna nan garau, ko ɗaya ba a taɓa ba. Takardar jerin kayan ma sun cinye ta. Rubutun alli na bayan murfi kaɗai suka bar mini.

Ban bar tsarin kaya bakwai ba, don har yanzu ina ganin yana da amfani, kuma dama yanzu ko na so in wuce bakwai babu. Sai dai na dawo Tambuwal da adudu da ragaya da ƙunshin kajiji, Inno ta ba ni. Na gane cewa kayan da ba lokacinsu ba ajiye su ake yi, ba binne su ba, dole a riƙa leƙa su ana gaisawa. Akwatin kuwa Inno ta riƙe shi, ta ce a ƙarshe dai ya samu aikin da ya dace da shi. Kaza ce ke kwanci a ciki.

Juma'ar da ta wuce na fito da 'yan kayan bazarata, waɗanda rashin wuri a akwatin ya tserar, na baza a danga kusa da na Goggo Ige. Ta dube su, ta dube ni, ta ce, "A'a, Malama, ai ba lokacinsu ba na."

Na ce, "Goggo, matsa mini in samu rana."